Aljanin Da Ke Son Jarrabawa

Ranar Talata da hantsi Badi'a ta haukace, in ji mutanen gidansu. Ita dai abin da ta sani shi ne ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna gaban Zinnira, matar yayanta Tasi'u, ta yi mata 'yan tambayoyi.

Shekararta biyar a jami'a a birnin Kano tana digirin jinyar masu taɓin hankali, abu ɗaya ya rage mata, jarrabawar ƙarshe ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe tara na safe. Irin jarrabawar nan ce da ake ɗauko malamai daga nesa sau ɗaya a shekara, a zaunar da ɗalibi gaban majinyaci a ga yadda zai yi masa magana. Wanda bai zo ba sai baɗi. An ba su mako guda su yi bita, shi ne ta taho gida Gwarzo, wai don ta samu shiru ta kuma sha furar Inna. Da ta sani da ta yi zamanta a makaranta, sauro ya cije ta ya ƙoshi.

Zinnira kuwa watanta biyu da dawowa daga wankan jego a Lakwaya, haihuwar fari. Ba ta ci, ba ta magana, jariri ya yi ta tsala ihu tana kallon bango. Gidan kuwa sai yabonta ake yi. Inna kan ce, "Yarinya mai kunya ke nan, ko kallon ɗan fari ba ta yi." Badi'a ta ga irin wannan kallon bangon a asibitin da suke koyon aiki, kuma ta san inda yake kai mace in an yi sake. Don haka ta sassauta murya ta bi tambayoyin a jere, yadda aka koya musu.

"Zinnira, yau wace rana ce?"

Zinnira ta ci gaba da kallon bango.

"Wane wata muke ciki? Nan inda muke zaune, ina ne?"

Zinnira ta ɗago ta dube ta, ta mayar da kai.

"Kina samun barci? Kina jin wasu muryoyi waɗanda sauran mutane ba sa ji?"

Inna tana bakin murhu tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan a hankali, ta miƙe, ta yi ɗakin Alhaji ko takalmi babu.

"Alhaji, Badi'a ba ta san ranar da muke ciki ba. Da kunnena na ji tana tambayar yarinyar nan. Ba ta san wata ba. Gidan da aka haife ta, aka binne cibiyarta, tana tambaya wai nan ina ne. Kuma muryoyi take ji, har tana neman wanda zai taya ta ji."

Alhaji Dalhatu, mahaifin Badi'a, dillalin hatsi ne, mutum ne da ba ya son a ce ya yi kuskure ko a awon tiya. Da ya yarda Badi'a ta yi karatun nas, allura da karɓar haihuwa ya ɗauka za ta koya, ta dawo tana auna masa hawan jini a gida. Sai da ta yi nisa ya ji wai a cikin mahaukata take wuni. Tun daga nan abin yake ci masa rai.

Ya ce, "Ai na san za a yi haka. Mura ma in ka zauna da mai ita kana ɗauka, balle wannan. Shekara nawa tana shaƙar numfashinsu?"

Tasi'u, wanda tuni ya ji an yi wa matarsa tambayoyi, ya shigo da nasa guzurin. Jiya ya ga Badi'a bayan rumbu tana magana ita kaɗai, ta yi tambaya ta ba kanta amsa, har da gyaɗa kai. Bai faɗi cewa akwai abin sauraron waya a kunnenta ba, ko kuma bai ga amfanin faɗa ba.

Aka kira ta. Da ta fahimci ƙarar da aka shigar a kanta, sai dariya ta ƙwace mata, kuma wannan ne kuskurenta na farko. Na biyu shi ne da ta ga fuskokinsu babu wasa, sai ta koma ga abin da ta iya. An koya musu cewa in mutum ya firgita a yi masa magana ƙasa-ƙasa, dalla-dalla, a nuna masa an fahimci damuwarsa.

Ta ce, "Baba, na ga hankalinka ya tashi, kuma na fahimta. Tambayoyin nan na aiki ne. Ba don ban sani ba nake yi, don in gane ko wanda nake tambaya ya sani ne. Zinnira ba ta da lafiya, tana buƙatar ganin likita."

Inna ta dafe ƙirji. "Ka ji muryar, Alhaji? Wallahi ba muryar 'yata ba ce. Badi'ar da in tana magana ake jiyo ta a zaure?"

Tasi'u ya ce, "Kuma matata take so ta shafa wa. Matata lafiyarta ƙalau, kunya ce da ita. Ni dai a raba ta da iyalina."

Kafin azahar an karɓe wayarta, an kwashe littattafanta. Tasi'u ya buɗe guda ya ci karo da hoton kan mutum an tsaga shi biyu, ƙwaƙwalwa a fili, ya kai wa Inna, Inna ta yi salati ta tofa a cikin rigarta. Aka share ɗakin ajiya, wanda ke cike da buhunan dawa da taki, aka shimfiɗa tabarma, aka kai buta da fo. Alhaji da kansa ya danna kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu.

Ya ce ta bayan ƙofa, "Na kwana biyu ne, kafin gari ya ji. Kina da ƙanne mata, ki duba musu."

"Baba, jarrabawata ranar Litinin ce. Dole in tafi ranar Lahadi."

"Allah ya kai mu."

Ranar Laraba ta wuni tana lallashi ta kafar ƙofa. Ta faɗa musu rana da wata da shekara, na Musulunci da na Bature, ta jero sunayen kakanninta har huɗu. Inna da ke zaune a bakin ƙofar tana share hawaye ta ce, "Jiya ba ta san ko ɗaya ba, yau ta san duka. Abin zuwa yake yi yana tafiya." Ta roƙi a kira malamarta a makaranta, lambar tana cikin wayar. Alhaji ya ce waɗanda suka jefa ta cikin wannan hali ba su za a kira su fitar da ita ba.

Ranar Alhamis da safe Malam Maikuɗi ya iso daga Dugabau a kan babur, da jakar fata a gaba, da lasifika ɗaure a baya wadda yake tallar magani da ita ranar kasuwa. Maganin basir da na sanyi ya fi sayarwa, amma ya ce aikin iska shi ne gadonsa. Aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali da damina, ya sha ruwa, sannan aka buɗe masa ɗakin.

Badi'a ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi. Ta ga yana barbaɗa wani gari a kaskon wuta, sai ta ce, "Malam, don Allah mene ne a cikin hayaƙin nan? Ina da asma tun ina ƙarama."

Malam ya waiwaya ya dubi Alhaji. "Ka ji ko? Tun ban taɓa shi ba ya fara bincike na."

Ta yi ƙoƙarin yi masa bayanin ciwon Zinnira, har ta ambaci sunansa da Turanci don ba ta da wani sunan a kusa. Malam ya ja da baya, ya gyara zaman hula.

"Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Aljanin nan ya yi boko. Na ƙauye da tazargade kaɗai nake korarsu, amma irin waɗannan masu ilimin gardama gare su, sai an haɗa da barkono. Ina takardun da take karantawa? A ciki yake kwana."

Tasi'u ya kawo littafin da ta yi shekara biyu tana rubuta bitarta a ciki da hannunta. Malam ya riƙa yago shafi yana sawa a wuta, ya bi da barkono, aka lulluɓe ta da bargo ita da kaskon. Ta yi tari har ta yi amai, numfashinta ya riƙa fita da fito. Malam ya ce kukan aljanin ke nan, alamar magani ya fara kama shi.

Abin haushin shi ne, zuwa ranar Juma'a ta fara kama da abin da suke faɗa. Kwana uku babu wanka, ga shi kuma Malam ya ce ruwa yana wanke ƙarfin hayaƙi. Idanu jajir, kitso ya tuje, murya ta dushe. Haƙurin ma ya ƙare, ta riƙa dukan ƙofa da hannu biyu tana kiran Litinin, Litinin. Da ta gaji ta zauna kan buhun taki ta dubi kanta da idon aikinta. Da an kawo mata mace a wannan kama, ta san abin da za ta rubuta a takarda: ba ta kula da jikinta, tana maimaita magana ɗaya, tana zargin danginta sun haɗe mata kai. Wannan tunanin ya fi barkonon tsorata ta.

Sirrin da Alhaji yake ɓoyewa kuwa, tuni ya zaga unguwa ya dawo. Ai ba a ɓoye babur mai lasifika a ƙofar gida. Mata suka riƙa shigowa aron tsintsiya da rariya, kowacce sai hanyarta ta biyo ta gaban ɗakin ajiya.

Da maza suka tafi masallaci, Inna ta karɓi mukulli ta ba Zinnira tuwo ta kai mata, don ita ba ta iya kallon idon 'yarta. Zinnira ta ajiye kwanon ta tsaya. Ta ƙara ramewa, gaban rigarta ya jiƙe da nono, ga kukan jariri daga ɗakinta.

Badi'a ta yi ƙasa da murya. "Zinnira, ki taimake ni. Wayata tana wurin mijinki. Minti biyu kawai."

Zinnira ta dubi buhunan, ta dubi tabarmar, ta dubi ɗan tagar da ke sama. Ta ce, "Ni ma da za su rufe ni a nan in huta." Ta fita ta ja ƙofar. Inna ta yi mata sannu, ta ce Allah ya yi mata albarka, yarinya ba ruwanta da surutu.

Ranar Asabar Malam ya dawo da tsumagiya. Ya yi wa Inna bayani cewa tafin ƙafa nan ne ƙofar da suke bi, kuma duk dukan da za a yi ba Badi'a ce za ta ji ba, shi ne zai ji. Tasi'u ya danne kafaɗu, Inna ta riƙe ƙafafu tana kuka tana cewa, "Don ina sonki ne, uwata, wata rana za ki gode mini." Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa da carbi, ya kawar da kai. Duk cikinsu babu mugu, kowa ya yi imani alheri yake yi, shi ya sa babu wanda hannunsa ya yi rawa.

Malam yana duka yana tambaya, "Wane ne kai? Faɗi sunanka!"

"Badi'a ce! Wallahi ni ce!"

"Ƙarya kake!"

Da suka fita ta kwanta tana kallon rufin kwano, ƙafafu suna zogi. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta yi lissafi. Gaskiya ta kwana huɗu ba ta buɗe ƙofa ba. Suna son aljani, to za ta ba su aljani. Ta ji labarin yadda ake yi daga bakin majinyata da yawa waɗanda sai da aka gama yawo da su gidajen masu magani kafin a kawo su asibiti. Aljani yakan yi magana, a tambaye shi abin da yake so, ya faɗa, a yi sulhu, ya fita. In ta bar Gwarzo gobe da la'asar, za ta kwana a makaranta, ta yi wanka, ta ari farar riga. Dabarar ta yi mata kyau ƙwarai.

Ranar Lahadi da hantsi, tsumagiya ta farko tana sauka ta sandare, ta juya idanu, ta kumbura murya daga can cikin maƙogwaro.

"Dakata, Malam. Zan yi magana."

Inna ta saki ƙafafun ta yi baya. Malam Maikuɗi da kansa sai da ya ɗan razana, ga alama bai saba a amsa masa da wuri haka ba. Ya yi gyaran murya.

"Yauwa. Wane ne kai?"

"Sunana Mahbub."

"Musulmi ne kai ko arne?"

"Musulmi ne."

"To ba ka ji kunya ba? 'Yar Musulmi, 'yar mutunci? Kai kaɗai ne ko da iyali?"

"Ni kaɗai ne. Ban yi aure ba."

"Karatunka nawa?"

Badi'a ta kusa fita daga wasan don takaici, amma ta daure. "Na yi digiri."

Malam ya juya ya dubi Alhaji da Tasi'u ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. "Me na faɗa muku ranar Alhamis?" Ya dawo kanta. "To, Mahbub, me kake so ka rabu da baiwar Allah nan?"

"Abu ɗaya. A bar ta ta tafi Kano yau, ta yi jarrabawarta gobe. In an yi haka na fita, ba ni ba ita har abada."

Inna ta dubi Alhaji da ido cike da roƙo, kuma Badi'a ta hango ƙofa ta fara buɗuwa. Alhaji ya daina jan carbi. Ya jinjina kai sau uku, a hankali, irin na wanda ya daɗe yana neman bakin zare sai yau ya samu.

Ya ce, "Ashe. Na daɗe ina mamakin yadda 'yar da na haifa za ta zaɓi zama cikin mahaukata, ga asibitin haihuwa, ga koyarwa. Ashe ba ita ke son karatun ba. Shi ne yake so. Mu muna nan muna ta ɗawainiya, ashe aljani muke sawa a makaranta."

Malam ya cafe. "Alhaji, ka riga ni. Kuma ba a biya musu buƙata. Ka ba shi jarrabawa yau, gobe ya ce sai digiri na biyu."

Badi'a ta tashi zaune, ta yar da muryar. "Baba, ni ce. Babu wani Mahbub, ƙirƙirarsa na yi don ku bar ni in tafi. Baba, ka dube ni. Ni nake son karatuna, tun ina sakandare nake so."

"Kun ga wayon ɗan boko?" in ji Malam. "Ya ga ciniki bai faɗa ba, ya ari muryarta."

Aka ƙara barkono, aka mayar da bargo. Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da aka yaye, ta yi atishawa uku a jere, Malam ya ce alama ce mai kyau, amma irin su Mahbub sukan yi kamar sun fita su laɓe. Yana ɗaure jakarsa ya gaya wa Alhaji yadda za a tabbatar, a gabanta, kamar ba ta wurin.

"Abin mai sauƙi ne, tunda mun san abin da yake so. Gobe da safe a tambaye ta ko tana son makarantar nan. In ta ce tana so, yana ciki, sai mu shiga mako na biyu, kuma na biyu ya fi wannan zafi. In ta ce ba ta so, 'yarka ce ke magana."

La'asar ta yi, ta wuce. Daga ɗakin ajiya ana jiyo 'yan kamasho a bakin titi suna kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. Ta saurare su har suka daina.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas da rabi aka fito da ita tsakar gida, Inna da wata maƙwabciya suna riƙe da ita don ƙafafun ba sa taka ƙasa. An shimfiɗa tabarma, ƙannen Alhaji biyu sun zo shaida, mata sun cika bakin ɗakin girki. A gefe kasko yana ci da garwashi, Malam ya ajiye ƙullin barkono da tsumagiya kusa da gwiwarsa inda za ta gan su sosai.

Ta san a daidai wannan lokacin abokan karatunta suna jere a baranda da fararen kaya, ana kiran suna. Jarrabawar bana ta riga ta wuce ta. Abin da ake tambayarta yanzu shi ne baɗi, da duk shekarun da ke bayan baɗi.

Alhaji ya ce, "Badi'a."

"Na'am, Baba."

"Tsakaninki da Allah, kina son komawa makarantar nan?"

Ta dubi garwashin. Ƙirjinta har yanzu fito yake yi, kuma a matsayinta na nas ta san mako na biyu zai iya zama na ƙarshe. Ta dubi mahaifinta, ta ga idonsa cike da fata, da gaske yake jiran 'yarsa ta dawo. Ta so ta tsane shi ta kasa, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ta ce, "Ba na so, Baba."

"Ƙara faɗa, kowa ya ji."

"Ba na son karatun."

Inna ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya share ido da hannun riga ya ce a ɗora waina ta sadaka, a kama wa Malam zakaru biyu. A cikin mako guda wannan ce kaɗai maganar da ta fito daga bakin Badi'a wadda babu hankali a cikinta, kuma ita ce kaɗai aka gaskata.

Aka yi mata wanka, aka yi mata kitso, aka zaunar da ita a ɗakin Inna da sabon zane. Har la'asar mata suna shigowa barka da arziki, suna yi mata sannu, ba ta ɗago ta dubi kowa ba. Duk wadda ta fito sai ta tsaya ta taya Inna murna, ta ce lallai hankali ya dawo, kin ga ko magana ba ta yi.